Agogon da Ba Ya Jin Kunya

 

Bari in tambaye ka. In ka tafi duba marar lafiya, ka ce mishi "Ya jiki?", mi zai ce maka? Ka san amsar tun ba ka buɗe baki ba. "Da sauƙi." Ko ciwo na cin shi kamar wuta, da sauƙi zai ce. Haka iyaye suka hore mu, kuma hali ne mai kyau, don godiya ce ga Allah. Amma akwai wurin da wannan amsa take ɓata aiki. In likita ya tambaye ka jiki, ba gaisuwa yake ba. Abin da zai yi aiki da shi yake nema. In ka ba shi "da sauƙi", ka sallame shi hannu wofi.

To, an ƙera wani ɗan agogo wanda bai san kunya ba, bai san kara ba. Ana ɗaura ma mutum shi ga hannu, yana ƙirga duk takun da ya yi daga safe har dare. Likitocin ƙashi na ƙasashen waje suna amfani da shi ga mutanen da aka sa ma gwiwar ƙarfe. Ni na gan shi da idona ga hannun gwaggona, wata da watanni. Labarinsa nake so in ba ka. Amma sai mun fara da ita gwiwar.

Dafa hannunka bisa gwiwarka yanzu. Miƙe ƙafar, ka lanƙwasa ta. Ƙasusuwa 3 ne suka haɗu nan: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, ga ƙoƙon gwiwa ta gaba. Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi, irin farin nan mai santsi da kake gani ga ƙashin rago ranar layya. Shi ke sa ƙashi ya zame bisa ƙashi ba ka ji komi ba. Shekaru na tafiya, guringuntsin na cinyewa. Noma a duƙe na cin shi. Ɗaukar ruwa da itace na cin shi. Ƙiba na cin shi, tsohon targaɗe ko karaya na cin shi. In kuwa ya cinye, ba ya sake tsirowa. Sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, kamar dutsen niƙa da ba hatsi bisansa. Gwiwa ta kumbura, ta riƙa ƙara, ƙafa ta fara yin baka. Mu sai mu ce sanyin ƙashi ne, ko mu ce tsufa. Ya fi kama mata bisa ga maza. Duba masallacinku ranar Juma'a, ka ƙirga tsofaffin da ke salla bisa kujera. Da yawansu wannan ne ciwonsu.

Tun da daɗewa likitoci suke neman dabarar sake gwiwa. A 1890 wani likita a birnin Barlin na Jamus, mai suna Themistocles Gluck, ya sassaƙa gwiwa da hauren giwa ya dasa ma mutane. Abin bai ɗore ba, don ƙwayoyin cuta sun shiga wurin ya ruɓe. A 1968 wani ɗan Kanada da ke aiki a Ingila, Frank Gunston, ya haɗa ƙarfe da roba ya liƙa su ga ƙashi. A 1974 John Insall da abokan aikinsa a birnin Niyok na Amurka suka fito da samfurin da gwiwoyin yau suka gada.

Mutane na zaton ana yanke gwiwar ne ɗungurungum a yar. Ba haka ba ne. Likita yana fere bakin ƙasusuwan da suka lalace, kaurin abin da bai wuce santimita 1 ba. Sai ya kifa ma ƙashin cinya hular ƙarfe, ya ɗora ma ƙashin ƙwauri faifan ƙarfe, ya sa roba mai tauri da santsi tsakaninsu. Akwai wani siminti na musamman da ke riƙe ƙarfen ga ƙashi. Aikin na cin awa 1 zuwa 2. A Amurka kaɗai ana yin shi fiye da sau 700,000 kowace shekara. Wannan ya fi ninki biyu na mutanen da aka ƙirga cikin birnin Maraɗi a ƙidayar 2012. A 2019 masu bincike na jami'ar Biristol ta Ingila suka tara lissafin ƙasashe da dama, suka iske gwiwa 82 cikin 100 na nan na aiki bayan shekara 25. Amma kada in ɓoye maka ɗaya gefen: kusan mutum 1 cikin 5 ba ya rabuwa da ciwo sarai ko bayan aikin.

A nan ƙasarmu aikin na masu hali ne. Mafi yawan waɗanda ka ji an yi ma, waje suka tafi: Tunisiya, ko Indiya, ko Misira. Gwaggona ba mai hali ba ce. Allah dai ya ba ta ɗa da ke fatauci a Kwatano. Shekara 4 ta yi ba ta iya zuwa ko rijiya. Ɗan ya tara abin da ya tara, ƙannensa suka sayar da bijimai 2, aka haɗa. Bayan kaka ta 2022 ya ɗauke ta zuwa Tunis, aka yi mata gwiwar dama.

Abin da ya fi ba ta mamaki can, kashegarin aikin aka tashe ta tsaye. Ta ce mini, "Ɗana, mutanen nan ba su da imani. Jiya sun tsaga ni, yau sun ce in taka." Na san kai ma haka za ka ce. Mu mun saba wanda aka yi ma fiɗa kwanciya yake yi. Amma ga dalilinsu. In ƙafa ta daɗe ba ta motsi bayan aiki, jini na iya daskarewa cikin jijiyar sha-raɓa. In gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa nan take. Na biyu, naman cinya na saurin zubewa in ba a aiki da shi, alhali shi ke riƙe gwiwa. Na uku, wurin da aka yanka yana warkewa da tabo daga ciki, kuma tabo ɗaurewa yake yi. In ba a lanƙwasa gwiwar kullum cikin satuttukan farko ba, sai ta sandare. Lokacin da ake da shi gajere ne, sati 6 zuwa 12. Wanda ya bari ya wuce, wani lokaci sai an sake sa shi barci an lanƙwasa gwiwar da ƙarfi. Ka ga ke nan likita rabin aiki ya yi. Sauran rabin yana ga ƙafar mai ita.

Sati 3 da aikin suka dawo. Ɗan ya aje ta gida, ya koma bakin kasuwarsa. Ya bar mata takarda da Faransanci, da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, da wani baƙin agogon roba ga hannunta wanda ya saya can bisa shawarar likita.

Ka san yadda muke da marar lafiya. Aka shimfiɗa mata katifa bisa gado, aka jera matasan kai. Tun da hantsi mata ke shigowa dubiya, wasu na fita wasu na shiga, har magariba. Mai masaukin baƙi kuwa ba ya tashi ya bar su. In ta yunƙura, sai a ce, "Haba Inna, ki huta!" Suruka ta kawo buta. Jika ta kawo fura. Har tasar alwala ake kawo mata bakin gado. Ba wanda ya yi haka da mugunta. Kowa ladan jinya yake nema. Da dare ɗan ya kira ta salula, ya ce, "Inna, kina dai takawa?" Ta ce, "Ina takawa, da sauƙi ƙwarai." Ita ma ba ƙarya take nufi ba. Ta taka ɗin, ai ta je bayan ɗaki. Kuma wace uwa za ta tada hankalin ɗan da ya zuba dukiyarsa don ita?

Ni aka kira in karanta takardar, tunda ni ne mushen gidan. Takardar ta ce a taka kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, a riƙa ƙarawa kowane sati. Ta kuma zana motsin da za a yi ma gwiwar safe da rana da marece. Da na gama, sai na latsa agogon. Ya nuna 280. Na tashi na auna da ƙafata: daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure da dawowa, taku 60 ne. Yinin nan duka bai kai zuwa zaure sau 5 ba. Ban ce komi ba. Na samo littafin rubutu, na ja layi, na sa kwanan wata hagu, lamba dama. Kashegari 310. Wanshekare 240. Na ɗauki hoton shafin na aika ma ɗanta ta WhatsApp, shi kuma ya tura ma likitan motsa jiki da ya kula da ita can, wanda ma'aikatan asibiti ke ce ma kine. Kafin dare amsa ta zo da murya. Ya ce wannan bai isa ba ko kusa, kuma kwanaki na tafiya.

Ranar aka yi ƙaramin tashin hankali a gidan. Surukar ta ji kamar an ce ba ta iya jinya ba. Gwaggo ta ce an ɗaura mata ɗan rahoto ga hannu. Amma ba wanda ya iya musu da lambar. Da ni na ce ba ta takawa, da an ce yaro ya yi ma babba rashin kunya. Agogo kuwa ba ɗan kowa ba ne.

Ƙila kana tambaya, ta yaya abin da ba shi da ido yake ƙirga taku? Ɗauki gwangwani, ka rataye tsakuwa da zare a ciki, ka riƙe shi kana tafiya. Duk takun da ka yi, tsakuwar za ta yi lilo. Cikin agogon akwai wani abu da bai fi ƙwayar dawa ba, mai aiki kamar haka. Yana jin girgizar jiki, sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Wata ƴar kwamfuta kuma tana tantance girgizar da ta yi kama da tafiya, tana ƙirgawa. Irin abin nan ne ke cikin babbar salula, shi ke juya hoto in ka kwantar da ita.

Ba don marasa lafiya aka fara yin shi ba. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fito da abin ƙirga taku na ratayawa ga ƙugu. Sunan da suka sa mishi, Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku 10,000. Daga nan maganar taku 10,000 a yini ta bazu duniya. A 2007 James Park da Eric Friedman suka kafa kamfanin Fitbit a Amurka, wanda Google ya saye a 2021. Kamfanin Apple ya fito da nashi agogon a 2015. Yau har kasuwanninmu ana samun masu araha, ƴan Sin.

Wannan lamba ta 10,000 tana bukatar a yi mata magana, don ita ce agogon gwaggo ya zo da ita a matsayin abin da za a cim ma kullum. Lambar talla ce, ba likita ya yanke ta ba. A 2019 wata malama ta jami'ar Habad a Amurka, I-Min Lee, ta fitar da binciken da suka yi ga tsofaffin mata fiye da 16,000, masu shekara wajen 72. Ajali na Allah ne, amma ga abin da lissafi ya nuna: cikin shekarun da aka bi su, an fi samun ƙarancin mutuwa ga masu taku wajen 4,400 a yini bisa ga masu 2,700. Amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya tsaya. Waɗannan kuwa ba fiɗa aka yi musu ba. Wanda aka yi ma gwiwa sati 4 da suka wuce, in ya ce sai ya yi 10,000, kansa zai cuta. Shi da jiyansa yake tsere, ba da kowa ba.

Ko ganin lamba kaɗai na sa mutum ya ƙara tafiya? An gwada. A 2018 likitoci a birnin Sidni na Ostareliya suka ba da labarin mutum 163 da aka sake ma gwiwa ko ƙugu. Duka an ɗaura musu agogo. Rabi suna ganin lambarsu, an kuma yanka musu abin da za su cim ma kowace rana. Ɗaya rabin an rufe musu fuskar agogon sati 2 na farko. A satin farko masu gani suka fi waɗancan taku da kashi 43 cikin 100. Bayan wata 6 ma suna gaba da kashi 17. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Manomin da ke ƙirga damman da yake zubawa rumbu ya san ko zai kai damina. Wanda ke leƙawa kawai ya ce "akwai albarka", shi bazara ke ba mamaki.

Muka tsara abin. Bayan kowace salla gwaggo za ta tashi ta je zaure ta dawo, ko da baƙi ko babu. Aka daina kawo mata buta. Wannan ya yi ma surukar wuya ƙwarai, har ta yi hawaye, don gani take mutane za su zage ta. Gwaggo da kanta ta lallashe ta. Masu dubiya kuma aka ce duk wadda ta zo, ta raka Inna zaure, ladanta ke nan. Cikin kwana 10 lamba ta haura 900.

Ga abin da ya fi yi mini daɗi, ni da aikina koya ma manya karatu. Gwaggo ba ta taɓa zama aji ba. Sau nawa na roƙe ta, tana cewa ta tsufa da allo. Lissafin kuɗi kam ba mai cutar ta, da ka take yin shi. Amma lambar da aka rubuta ba ta san ta ba. To, sai ga shi kullum tana jiran in taso daga aji da dare in faɗa mata abin da agogonta ya ce. Haƙurinta ya ƙare. Wata rana ta ce, "Kai, nuna mini abin nan, in daina jiran ka kamar mai jiran wata." Na rubuta mata 0 zuwa 9 da gawayi ga bangon ɗakinta. Sati 2 ta riƙe su. Ranar da lambobi suka zama huɗu a jere, ta tambaye ni mi ke nan. Na ce dubu ce. Ta ce, "Ashe jikka na yi!" Tun daga ranar da kuɗi take faɗin tafiyarta. "Yau jikka ɗaya da rabi." Ta karɓe littafin daga hannuna, ita ke cika shi da bik, lambobinta manya-manya kamar sawun raƙumi.

Yanzu bari in faɗa maka inda agogon yake kuskure, don kada ka ɗauke shi malamin duba.

Yana rage ƙirga. Lokacin da gwaggo ke dafe da abin dogarawa da hannu biyu, hannun ba ya lilo, takun kuma a hankali yake. Sai agogon ya tsallake wasu. Kine ɗin ya ce a sa shi cikin aljihu ko a ɗaura shi ga idon sawu har ta koma sanda. Yana kuma ƙara ƙirga. Wata rana littafin ya nuna 8,700, alhali jiya 1,600 ne. Ɗan ya kira yana murna. Da aka bincika, ashe jikarta ce ta ari agogon don kwalliya, ta yi dakan hatsi da shi. Duk saukar taɓarya ya ƙirga ta taku. Haka in ka hau amalanke ko kabu-kabu bisa hanya mai gargada, zai ba ka tafiyar da ba ka yi ba.

Babban abin da bai sani ba shi ne lanƙwasa. Mutum na iya yin taku 3,000 da gwiwa a sandare, yana jan ta kamar itace, agogo na yaba mishi. Likitoci na auna lanƙwasa da digiri. Ƙafa a miƙe sak, 0 ke nan. In ta yi kamar kusurwar allo, 90 ke nan. Tafiya bisa ƙasa shimfiɗaɗɗa na bukatar wajen 65. Tashi daga kujera na bukatar fiye da 90 kaɗan. Yawancin sababbin gwiwoyi suna tsayawa tsakanin 110 da 125. Wannan ba tafiya ke kawo shi ba, sai motsin nan mai zafi da aka zana ga takarda: a zauna bakin gado a jawo diddige baya, a kwanta a danna gwiwa ƙasa har ta miƙe. Gwaggo ta fi son tafiya, don tafiya na da lamba, motsi kuwa ba shi da ita. Sai muka ƙara layi na uku ga littafin, tana yin ɗigo duk lokacin da ta yi motsin.

Kuma bai san kumburi ba. Cikin wata na biyu aka yi suna a wata unguwa. Gwaggo ta ji ƙarfi, ta tafi da ƙafa ta dawo da ƙafa, ta yini tsaye cikin mata. Agogo ya nuna 4,300, har da ƴar girgiza ta barka. Da dare gwiwa ta yi suntum. Kwana 3 tana kwance, ƙafa bisa matashi, ana ɗora mata ƙanƙara cikin tsumma. Abin da aka ci a suna ya fita ta nan. Kaɗan ake ƙarawa, a duba yadda gwiwa ta kwana, sannan a sake ƙarawa.

Akwai alamun da ba a tsayawa duban agogo a kansu, sai asibiti nan da nan. In sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. In numfashi ya taƙaice ko ƙirji ya riƙe. In zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fid da ruwa. Ka kuma riƙe wannan da kyau: gwiwar ƙarfe ba a kai ta ga wanzami. Ba tsaga, ba ƙaho, ba sakiya. Wanzami na da aikinsa, amma in ƙwayar cuta ta shiga ta tsaga ta kama ƙarfen, magani kaɗai ba ya cika fid da ita. Sau da yawa sai an sake buɗewa an cire ƙarfen. Da gwiwar gwaggo ta kumbura, mutum uku suka kawo shawarar ƙaho, kuma duka masoyanta ne.

A ganina, ba agogon ke warkarwa ba, mai duban lambar ne. A 2020 likitocin jami'ar Fensilbaniya a Amurka suka gwada ga mutum 242 da aka sake ma gwiwa ko ƙugu. Wasu aka sallame su yadda aka saba. Wasu aka ba su abin ƙirga taku, ana kuma aika musu saƙo ta salula ana tambayar ciwo, in an ga abin da bai yi daidai ba ma'aikaci ya neme su. Cikin waɗanda aka sallama haka nan, wajen 12 cikin 100 sai da aka sake kwantar da su asibiti. Cikin waɗanda ake bibiya, wajen 3 ne kawai. Mu nan likitocin motsa jiki kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Daga garinmu zuwa wurin mafi kusa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana tsohuwa zuwa sau 3 a sati. Hoton shafin littafi kuwa yana ƙetare hamada cikin ƙiftawar ido.

Can Amurka abin ya ma wuce agogo. A watan Agusta na 2021 hukumar magunguna ta ƙasar ta yarda da wata gwiwa mai suna Persona IQ, ta kamfanonin Zimmer Biomet da Canary Medical. Ita ma'aunin cikin ƙashin ƙwauri ake dasa shi tare da ƙarfen. Yana ƙirga taku, yana auna saurin tafiya da yadda ƙafar ke lanƙwasa, yana aika ma likita ta intanet daga wani ɗan akwati da ake ajewa cikin ɗaki. Batirinsa an yi shi ya kai shekara 10. Da na ba gwaggo wannan labari, sai ta ce gara nata ɗan rahoton, ko ba komi tana iya kwance shi in ta ga dama. Maganarta abin dubawa ce. Duk abin da ke aika labarin jikinka wani wuri, kana da hakkin ka tambayi wa ke gani, kuma mi zai yi da shi.

Akwai abu guda da sabuwar gwiwa ba ta maido mata ba. Zaman tahiya da sujada irin tamu na bukatar gwiwa ta naɗe har wajen digiri 150 ko fiye. Tata ta tsaya ga 115. Har yau bisa kujera take salla. Liman ya faɗa mata addini ya yarda, ta kuma sani. Amma ta ce mini goshinta na marmarin ƙasa. Tsugunno ma ya gagara, sai da aka gina mata wurin zama mai tudu a bayan ɗaki. Duk mai shirin wannan aiki, ya tambayi likita waɗannan abubuwa biyu tun kafin a taɓa shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na sani, ɗan'uwa, da yawanmu ba za mu taɓa ganin Tunis ba, gwiwar da Allah ya ba mu da ita za mu ƙarasa. Amma dabarar ƙirgawa ba ta masu kuɗi kaɗai ba ce. Wanda aka cire ma filasta bayan karaya, da matar da aka yi ma fiɗar haihuwa, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana koyon tafiya, duk likita kan ce musu su riƙa takawa. Tambaye shi nawa, kuma daga yaushe. In kuna da babbar salula a gidan, akwai abin ƙirga taku da ake sa mata, a jefa ta aljihu. In babu, auna daga ƙofar ɗaki zuwa zaure sau guda, ka riƙe lambar. Aje ƙwarya biyu, ɗaya da tsakuwa, ɗaya wofi. Duk zuwa da dawowa, a ɗauki tsakuwa guda a jefa cikin wofin. Da dare a ƙirga, a rubuta kwanan wata da lamba. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin. Tsakuwa ba ta bukatar caji, jika kuma ba ta aron ta don kwalliya.

Da daminar 2023 gwaggo ta koma ƴar gonarta ta kuɓewa da ke bayan gari. Ba ta noma, jikoki ke yi, ita tana tsaye da sanda tana nuna musu inda suka bar ciyawa. Daga ƙofar gida zuwa can taku 1,900 ne da ƙafarta. Ita ta auna, ita ta rubuta.

Ƴan ajinmu na dare sun ɗauki abin wasa. Kowa ya auno daga gidansa zuwa rijiya, muka rubuta ga allo, muka yi tarawa da ɗebewa da su har sati guda. Mai nisa duka ta samu 2,240, zuwa kaɗai, kuma sau 3 take zuwa a yini da tulu bisa kai. Kai ma auno naka. Rubuta sunan garinku da lambar da ka samu, ka ba malamin ajinku ya aiko muna.